Kakana Ya Ɗauka Sandar Makafi Na Sayo Masa

Assalamu alaikum Anti Ruwaida. Don Allah ki taimake ni, kuma don Allah kada ki sa sunana. Yayata Khaulat ce take karanta mana filinki a wayarta. Na san matsalar aure da ta aiki ake kawo miki, tawa kuwa ta sandar kamun kifi ce, wataƙila ma ki yi dariya. Amma yau kwana goma sha biyu ke nan ba na jin daɗin abinci saboda ita.

Shekarata goma sha uku, bara na gama firamare. A Takur muke, cikin Dutse. Kakana, mahaifin Abbanmu, Baba Tsoho muke ce masa. Masunci ne, a wani ƙauye na bakin kogi can bayan Haɗeja ya yi rayuwarsa duka. Da kakarmu ta rasu, idonsa kuma ya fara yin yana, sai Abba ya ɗauko shi ya dawo da shi gidanmu. Ni ba mai magana ba ce, a aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Shi kaɗai nake sakewa da shi. Amarya yake ce mini. In na kai masa koko da safe sai ya kurɓa ya ce, "Amarya, wannan koko ne ko ruwan wanke kwano? Sakinki zan yi in auro mai ƙosai." Ni kuma in ce ya saki mana, wa zai kwashi mai haƙori huɗu.

Duk Asabar Abba yakan ɗauke mu a babur ya ajiye mu a dam ɗin Warwade, shi ya wuce gona. Baba Tsoho yana da gorarsa da zare da ƙugiya, ni nake tono masa tana. Yakan ɗaura guntun totuwa a zaren, in kifi ya ci sai totuwar ta nutse, sai ya fizga. Da ya daina ganin totuwar sai na zama ni ce idonsa. To amma muryata ƙasa-ƙasa take, kafin in ce ya ja, karfasa ta cinye tanar ta yi gaba. Wata rana akwai waɗansu mutane suna wanke babura kusa da mu. Sau uku totuwar tana nutsewa, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga murya a gabansu. Sai ɗayansu ya ce, "Baba, kamun kifi ka zo ko kiwonsu?" Suka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ya naɗe zarensa, kuma bai sake cewa a kai shi ba. Gorar tana nan bayan ƙofa, da ita Umma take kaɗe yanar gizo. Kullum na gan ta sai in ji laifina ne.

Bayan ƙaramar salla Kawu Saifuddeen, ƙanin Umma, da yake jan babbar mota zuwa Legas, ya zo da wani ɗan akwati ya ba ni, ya ce ga tsarabar matar masunci. A ciki akwai ƙananan ƙugiyoyi, kowacce da kan dalma kamar ƙwayar wake da jelar roba mai laushi kamar tana. Ya nuna mini a waya yadda ake yi. Ba totuwa, ba tana. Jefawa ake yi ta sauka ƙasan ruwa, a riƙa ɗan ɗaga ta a hankali, in kifi ya taɓa a hannu ake ji. Ya ce sai dai tana da irin sandarta, mai abin naɗe zare. Anti, da na ji ya ce a hannu ake ji, sai murna ta kama ni. Hannun Baba Tsoho yana tsince tsakuwa a cikin wake fiye da idon Umma.

Ban gaya wa kowa ba sai Khaulat. Na haɗa barka da sallata da abin da na samu a ɗinkin hula, muka ce wa Umma za mu gidan Gwaggo, muka hau mota zuwa kasuwar Shuwarin. Akwai wani Malam Gaji mai sayar da komar kamun kifi da ƙugiyoyi, yana da sandunan gwanjo guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai sheƙi, mai kauri kamar ƙotar fartanya, ana tura ta cikin kanta ta dawo gajera. Ɗayar siririya ce, gida biyu ake haɗawa, bakinta kamar tsinken tsintsiya, mariƙinta har ya fara ɓarewa. Ya tambaye ni wane irin kifi za a kama. Na nuna baƙar kawai, ya haɗa mini da abin naɗe zarenta. A raina cewa na yi, mutumin da ya taɓa jawo giwan ruwa mai tsawon yaro, in na kai masa wannan 'yar siririyar ai raini ne, kamar na ba shi abin wasan yara.

Bayan la'asar na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya. Na durƙusa na sa masa ita a hannu, a naɗe yadda take. Abin naɗe zaren da akwatin suna cikin jakata, na so in fito da su daga baya don ya fi jin daɗi. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya taɓa robar gindinta, ya dogara ta a ƙasa. Sannan ya ce, "To, lokacin ya zo ke nan. Babanki ne ya aiko ki? Madalla. Saura ɗan jagora."

Anti, shekara guda ana fama da shi ya riƙe sanda ya ƙi. Da bango yake zuwa masallaci, yana ƙirga taku. Ni wallahi ban tuna da wannan ba sai da ya yi magana. Na tashi da gudu na shige ɗaki. Har yau ban faɗa masa mece ce ba.

Tun ranar bai sake ce mini Amarya ba. In na kai koko sai ya ce, "Ajiye nan, yarinya." Ya tura sandar ƙarƙashin gadonsa. Ya ce wa Abba a mayar da shi gida tun kafin a fara miƙa masa sadaka a ƙofar masallaci. Abba bai san abin da ya jawo ba, ya yi ta lallashi har ya gaji, yanzu ya yarda ƙarshen wata zai kai shi. Can kuwa ba kowa a gidan sai wani ɗan ƙaninsa da ba ya zama, ga kogi a bakin ƙofa. Khaulat ta ce mu faɗi gaskiya, na roƙe ta kada ta yi, don Abba zai san mun yi ƙarya mun je Shuwarin, ita kuma za a fi yi wa faɗa.

Wani abin kuma, da ina share ɗakinsa yana masallaci na ɗauko ta na gwada. Na ɗaura ƙugiyar, na rufe ido, na ja ta a kan siminti. Ban ji komai ba sai nauyin sandar. Ashe ko da ya gane mece ce, ba za ta yi masa amfani ba. Malam Gaji ya ce yana karɓar canji in ba ta ƙarje ba, amma cikin sati biyu kawai, kasuwa mai zuwa ce ta ƙarshe.

Don Allah wace irin sanda ce ta dace da wannan ƙugiyar? Siririyar ba za ta karye ba? In na sake yin kuskure fa? Kuma ta yaya zan fara yi masa magana, alhali da na tsaya gabansa bakina yake mutuwa? Ba na son ya tafi yana ganin mun gaji da shi.

Jikar masunci, Takur, Dutse.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Ban yi dariya ba. Na daɗe ban karanta wasiƙar da ta taɓa ni kamar taki ba.

Ni ban san kamun kifi ba sai cinsa, don haka na kai tambayarki wurin Malam Nasrullahi, maƙwabcinmu da ya daɗe yana amfani da irin wannan ƙugiya. Ya ce tunaninki daidai ne, sandar ce ba daidai ba. Mai kauri ta manyan kifi ce da ƙugiya mai nauyi, kuma kowace gaɓa ta irin wadda ake turawa ciki tana shanye motsin kafin ya iso hannu. Ƙaramar dalma tana son sanda marar nauyi, mai tsawon da ya ɗan ɗara mutum a tsaye, wadda in an tanƙwara ta samanta ne kawai yake rusunawa, tsakiyarta da gindinta suna nan da ƙarfi. Da saman ake jin kifi, da gindin ake jawo shi. In ta lanƙwashe tun daga mariƙi kamar ɗanyen reshe, ita ma ba ta yi ba. A duba zobban da zare yake bi ko akwai tsaga, a duba mahaɗar ta zauna daram. Zaren ya zama siriri, yatsa ɗaya kuma yana kansa koyaushe. Ɓarewar mariƙi ba komai ba ce. Batun karyewa kuwa, ya ce karfasa da matsakaiciyar tarwaɗa ba za su karya ta ba, muddin ba a ɗaga kifi sama da ita kamar guga ba. Gwajin da kika yi a kan siminti, ya ce shi ma haka yake yi. Ke kika gano shi da kanki, ki riƙe wannan.

Bisa kwatancenki siririyar ta fi kama da abin da ake nema. Amma ba ni zan zaɓa ba, ba ke ba kuma. Kuskurenki na farko ba kaurin sanda ba ne. Kin je sayen kayan kamun kifi, kin bar masuncin a gida. Wannan dattijo ba rashin kifi ne yake cinsa ba, ganin an fara yanke masa abu ba tare da an tambaye shi ba ne. Kada ki ga kamar ya yi saurin fushi. Wanda ya shekara yana ƙirga taku don kada a gan shi da sanda, duk abin da ya yi kama da ita zai soke shi. Ke ma kada ki ɗora wa kanki laifin da ya fi ƙarfinki. Ƙauna ce ta kai ki kasuwa. Shirun da ya biyo baya ne yake ɓarna, kuma kullum ƙaruwa take yi.

Ki fara da Abbanki, yau. Ki tafi da Khaulat, ku faɗi cewa kun je Shuwarin ba da izini ba. Zai yi faɗa, kuma yana da gaskiya, 'yan mata biyu a motar kasuwa ba wanda ya sani ba ƙaramin abu ba ne. Ki ce shawararki ce. Faɗan zai wuce. Amma a yanzu mahaifinsa yana zarginsa da abin da bai ma san an yi ba, kuma ku biyu kaɗai za ku iya wanke shi. Ki kuma roƙe shi a kai Baba Tsoho likitan ido ya duba. In yanar ido ce, sau da yawa ana cire ta, amma likita ne zai faɗa, ba ni ba.

Shi kuma Baba Tsoho, tunda baki yana mutuwa, kada ki dogara da baki. Gobe in kin kai koko, ki buɗe tafin hannunsa ki sa masa ƙugiyar nan guda ɗaya, ki yi hankali da tsinin. Masunci ba ya bukatar a gaya masa mece ce ƙugiya. Sannan ki jawo sandar daga ƙarƙashin gado, ki zare ta har ƙarshe, ki bi da yatsunsa kan zobban ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage ki faɗa kaɗan ne: kin sayo ba daidai ba, kina so ya zo ya zaɓa da kansa. Ranar kasuwa Abba ya kai ku, a sa masa sandunan biyu a hannu a gaban Malam Gaji, kowa ya yi shiru. In kuma za a koma Warwade, da babba a kusa, ba ku biyu kaɗai a bakin ruwa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, yana iya jin duk wannan ya ce duk da haka gida yake so. Kogin da mutum ya tsufa a bakinsa ba a musanya masa shi da dam. In hakan ta faru, manya su zauna su tsara wanda zai kula da shi, ke kuma ki sani ya tafi yana sane da abin da jikarsa ta nufa. Amma ina kyautata zaton wanda aka kai kasuwa don a ji ra'ayinsa ba zai yi saurin haɗa kaya ba.

Kokon goben kuma ki dama shi tsararo da gangan. In ya kurɓa ya yi barazanar auro mai ƙosai, to kin san an shirya.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe bakinki, ya yi miki albarka.

Anti Ruwaida