Yaya Sani Ya Ɗauki Hafsatu

Gwaggo Ladi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Ya Baffa da yara? Muna lafiya.

Yaya Sani ya fara dillanci a Kura, yana haɗa mata masu turara shinkafa da banki su samu jari. Tunda ba ya shiga gidan matan aure, ni ya aika in cike musu takardu. Kunya ta hana ni tambayar ɗaya daga cikinsu, Inna Tabawa, ribarta, sai na mayar masa da takardarta ba a cike ba. Washegari ya ɗauki Hafsatun gidan Kawu a madadina, wadda nake gyara wa rubutu a aji. Yanzu "Malama" matan ke ce mata. Na yi mata barka, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ki gaishe da kowa, ki sa ni a addu'a. Don Allah ki roƙe shi ya sake gwada ni, amma kada Hafsatu ta ji.

'Yarki,
Maryam