Makullin da ke Hannun Mai Karatu

Ya sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar da na zaɓa na bar sauran inuwoyi, barka da hanya tun kafin ka iso!

Jiya ƙanwarka ta same ni a shagon babana ina tsaka da yanka gilashin firam ɗin hoto, ta ce wai ranar Asabar za ka dawo, wai in zauna a gida. In zauna! To shekara ukun nan me nake yi, rawa?

Ka tuna tsohon zanen da ka ba ni ranar tafiyarka, na matar nan mai karatu a bakin taga? Ka ɗora yatsa kana yi mini fassara, baki kamar zuma: wai fitilar da ke ciki haƙurina ce, littafin kuwa wasiƙunka ne, kujerar da ba kowa a kai taka ce, wata shida kacal za ta jira. Na yarda, wallahi na yarda, har da hawayena. Wasiƙa biyu ka aiko, masoyina. Biyu! Wane littafi ake ɗinkawa da takarda biyu?

Da gilashin firam ɗinsa ya tsage, na ciro zanen na kai shi haske, na dube shi da idon 'yar mai sana'a. Ashe ba ka iya karanta hoto ba. Idon matar yana kan ƙofa, ko kallon shafin ba ta yi. Ta cije leɓe. Can ƙasa kuma, inda katakon firam ya ɓoye shekara da shekaru, hannunta na hagu damƙe yake da makulli. Ta ji takun mutumin ne, hasken raina, ta riga ta kulle.

Kaicona, har gobe ina sonka! Ban kula kowa ba, ba kuma zan kula ba, don kada ka samu bakin magana. Ka zo Asabar ɗin. Ka fesa turaren nan naka, ka yi sallama da muryar da ke narkar da ni. Zan ji ka sarai, in juya shafi. Ka dawo Lahadi, ka dawo Litinin, rana ta gasa ka, maƙwabta su gaji da amsa gaisuwarka. Ranar da ka iya kallon ƙofa yadda na iya, sai mu yi magana.

Taka ce ni har numfashina na ƙarshe,
daga bayan ƙofa.