Yashi Ya Iso Dabinon Baba, Yaya Kyari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a Yamai. Ƙaninka ne Bukar, daga Gure. Na kira wayarka har na gaji, kullum a ce kana taro a wata ƙasa. Shi ya sa na rubuto a nan inda kowa zai gani, ko wani ɗalibinka zai kai maka.

Ka san lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Littattafanka na faransanci ban iya karanta su, amma Mushe Isufu, malamin makaranta maƙwabcinmu, ya fassara mini abin da ka daɗe kana rubutawa: cewa babbar dokar ƙasa ta ba kowane mutum haƙƙin zama a wuri mai lafiya, da ruwa da itace da ƙasar noma, kuma talaka na iya kai ƙara idan an ɓata masa su. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Na tuna lokacin da masu manyan motoci suka dinga sare goruba a kwaruruwan wajen Bune suna kaiwa birni. Lauyan mutanen ƙauye da rubutunka ya tsaya gaban alƙali, kuma ya ci. Da rediyo ta faɗi sunanka, sai Inna ta cika ƙwarya da dabino ta aika masallaci.

Bayan shari'ar ne aka kafa allo a bakin kwarinmu. An hana taɓa goruba gaba ɗaya, gangar jikinta da kabarta, ɗanya ko busasshiya.

Yaya, kai ma da hannunka ka yi shingen kaba. Idan damina ta wuce, kafin iskar gabas ta taso, mu yanko ganyen ƙasa na goruba, mu hau bayan tudun yashi mu kakkafa su layi-layi, su tare yashi kada ya gangaro lambu. Gara da awaki su cinye, shekara ta zagayo mu sake. Ina ganinka kana tsotsar yatsa inda ƙaya ta soke ka, Baba yana cewa, «Yashi ba ya gudu, amma ba ya zama.»

Tun da aka kafa allon ba mu yi shinge ba. Rijiyar gabas ta cike. Fangalin albasa ya tafi, sai ka ce ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Yanzu yashi ya kai ƙugun dabinon da Baba ya dasa, waɗanda Inna ke ci da su tun rasuwarsa. Kullum da safe nakan sa sanda in auna, kuma ban taɓa samun ya ja baya ba.

Na yi haƙuri, na bi hanya. Na je wurin ma'aikacin gandun daji, mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni. Ya ce ba shi ya yi dokar ba, kuma yayana ya fi shi saninta. Wasu sun ce in je in tuge kalimbo, tsiron nan mai riƙe yashi, in yi shingen da shi. To inda na tuge shi, nan ma tudu zai tashi ya faɗa lambun wani.

Mutane sun sa wa abin suna dokar ɗan Falmata, wato da sunan Innarmu. Malam Ari mai lambun kusa da namu ba ya wuce ni sai ya ce, «Ƙanin farfesa, hau tudu ka gaya wa yashi akwai doka.» Nakan yi dariya, don rabin gyaɗarsa shi ma ta binne.

Inna ce ba ta dariya. Ta daina zuwa suna da biki. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta tsaya cikin mata ta kare ka. Ko ta fita aka tayar da maganar, sai ta sunkuyar da kai ta dawo gida. Ranar nan na ji ta tana tankaɗe tana cewa, «Yaron nan ba haka ya nufa ba.»

Ni ma na san ba haka ka nufa ba. Gorubar Bune tana tsaye yau saboda kai, wannan ba wanda zai ƙwace maka. Amma maganarka ta iso nan ba tare da kai ba, kuma ba mai yi mata bayani.

Ga abin da na yanke. Bayan sallar Juma'a zan ɗauki adda in shiga kwari da rana tsaka. Ganyen ƙasa kaɗai zan yanka, yadda aka koya mana, ba zan taɓa zuciyar goruba ko guda ba. Idan aka kama ni ba zan gudu ba, ba zan yi musu ba. Za su tambayi sunan ubana, kuma shi ne rubuce a bayan littattafanka.

Ranar nan, Yaya, ka zo ka tsaya mini. Ban san wani lauya ba sai kai.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa iliminka ya zama inuwa ga waɗanda ka yi dominsu. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna tsawon rai ta ci dabinon baɗi.

Naka, ƙaninka mai jiran zuwanka,
Bukar.