Ni Na Dafa Ruwan Jego, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga uwa, ina fatan kuna cikin rahamar Ubangiji a makwancinku. Na san takarda ba ta isa inda kuke, amma labarin nan ya ƙi zama mini a ciki.

Bayan rasuwarku na kama aiki a kamfanin buhu a Challawa, ina ɗinke bakin buhu. Ƙurar wurin ta sa mini tari. Wata abokiyar aikina ta nuna mini maganin tari na kwalba, mai kodin. Cokali ɗaya, tari ya kwanta, ciwon baya ya lafa, har kewarku ta yi sauƙi.

Ni da kuka kai makarantar allo da hannunku, a sanina ban taɓa kusantar abin maye ba. Wannan kuwa magani ne, ga takardarsa a jiki. A zaune nake sha, da hannun dama, da bisimilla. Na ɗauka abin da aka yi wa bisimilla ba ya cuta. Cokali ya zama rabin kwalba, rabi ya zama guda. Tari ya warke tuntuni, ni ban daina ba.

Jikina ya yi ta gaya mini, ban saurara ba. Ciki ya ɗaure kwana da kwanaki, abinci ya fita raina, na rame. Sai in sallame salla ban san raka'a nawa na yi ba. Na ce sammu ne. Na sha rubutu, na bi shi da kwalba.

Ana nan jikarku, 'yata ta fari da har yau ba na kama sunanta, ta samu ciki. Mijinta ya zo Panshekara gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa. Yana tsakiyar gaisuwa barci ya sace ni. Da na buɗe ido, sai tabarma. Kwana biyu aka aiko cewa ba za ta zo gida wanka ba, Na'ibawa za a kai ta wurin yayarsa.

Ban ga laifinsa ba. Ku da kanku kun sha faɗa: mai gyangyaɗi ba ta ɗaukar tukunyar jego.

Da ƙafata na je asibiti, na ja hijabi har kan hanci. Likitar ba ta yi mini kallon 'yar maye ba. Ta ce ciwo ne, jiki ne ya saba har ya kasa tsayuwa shi kaɗai, kuma istigfari ba ya hana shan magani. Kwanakin farko da na daina sha, Inna, gumi, gudawa, hamma ba iyaka, ƙasusuwa kamar ana sara. Sau ɗaya na koma na sha. Washegari na je na faɗa wa likitar da bakina, don ɓoyo ne ya kai ni inda na kai. Na canza hanyar zuwa aiki saboda kemis ɗin da nake sayen maganin, na roƙi a ɗauke ni daga ɓangaren ƙura.

Ban roƙi surukina ba. Duk wata yakan zo, ni kuma in amsa gaisuwarsa har ƙarshe, in tambayi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, ido biyu. Da cikin ya kai wata takwas ya sauke 'yata a ƙofar gida cikin a-daidaita-sahu, da jakarta. Sai ya durƙusa ya daɗe.

Innata, yau ta yi arba'in. Ni na hura wuta safe da yamma, ni na tsinko darbejiya, ni na dama kunun kanwa yadda kika koya mini. Mace aka samu, kuma sunanki ta ci. Goshinki ne da ita sak.

Ba zan ce miki raina ya daina kira ba. Wata rana yana kira. Sai in ɗauki takwararki in goya, in tsaya har ya yi shiru.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini, Ya kama hannun duk matar da ke ɓoye kwalba a ƙarƙashin hijabi. Amin.

'Yarki da ta farka,
Ladidi