Can Bello, Nan Muhammadu

Daren Laraba, Goronyo

Yau ma na dawo daga Sakkwato hannu wofi. Na kai hotuna, katin ɗan ƙasa da takardar makarantar tuƙi, sai ma'aikacin ya ce sunan katin bai yi daidai da na takardar haihuwata ba. Can Bello, nan Muhammadu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ni ne." Ya ce sai na yi rantsuwa a kotu.

Alhajin da ya yi min alkawarin tuƙa motarsa ta albasa kuwa ya ce in ban samu lasin kafin ranar kasuwa ba, wani zai ba motar.

Inna ta tare ni, "Mi ake ciki?" Na ce an kusa. Ashe har ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya zama direba. Na kasa cin tuwonta.