Mu Tashi da Baffa ko Mu Zauna?

Zuwa ga Likita Bature mai rangadi a ƙasar Dutse,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne Bello, makiyayi daga wata ruga a gefen Miga. Malamin garinmu na roƙa ya rubuta mini wannan, a karanta maka a gaban jama'a, don ba mu kaɗai abin ya shafa ba.

Da kakar nan na kawo maka mahaifina, Baffa, a kan jaki, ranar da ka sauka bariki. Tun damina yake tari da jini, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ka sa igiyar nan a kunne ka saurari ƙirjinsa, ka daɗe kana taɓa ƙullutun da ke gindin wuyansa. Ka yi wa tafinta doguwar magana, amma abin da ya iso gare mu gajere ne: ciwon daji ne a huhu, ya yi nisa, a mai da shi gida. Kafin in buɗe baki an kira na bayanmu. Kukana ke nan.

Na farko, mene ne sauran maganar da ba a faɗa mana ba? Mu dajin da muka sani a fata yake fitowa, ido na ganinsa. Yaya kunne ke jin na cikin huhu? Baffa kansa ya dame ni da wannan tambaya, shi da ya yi shekaru yana kara kunne a cikin saniya mara lafiya.

Na biyu, a ranar ka tura wani saurayi asibitin Kano. Cutar Baffa ce ba ta da magani ko a can, ko kuwa furfurarsa aka duba? In tsufa ne, a sani har bana shi ke gane saniyar da za ta haihu tun daga nesa.

Na uku, jan maganin kwalbar nan da aka ba mu yana kwantar da tarin, yana sa shi barci. Warkarwa yake yi, ko sauƙi kawai? Kowanne ne mun gode, amma mu sani.

Ga dalilin gaggawata. Tafkinmu ya kusa ƙafewa, dole shanu su gangara fadama. In mun ɗora Baffa a jaki, ina tsoron hanya ta ƙarasa shi. In mun zauna, garke zai lalace. Na san ajali na Allah ne, ba shi nake tambaya ba. Abin da ka gani ga tsofaffi masu irin ciwonsa nake tambaya: sukan kai damina?

Ina roƙo in ka biyo ta hanyarmu ka faɗa wa Baffa gaskiya, shi da kansa, a hankali. Ya ce ba ya tsoron amsar. So yake ya zaɓi inda zai kwanta tun ƙafarsa tana iya kai shi.

Allah ya ƙara maka sani, ya tsare hanyarka.

Wassalam,
Bello