Na Zana Mutuwar Maƙwabcina

Don Allah Mai Filin Shawara ka taimake ni, kwana tara ke nan ban leƙa ƙofar gida ba.

Ni mai rubuta allunan shaguna ne a Lokuwa, nan Mubi. Na koyi zane wurin wani Bature ɗan ƙasar Sifen, Ramiro, wanda ya zo tare da ma'aikatan ƙuri'ar raba gardama a 1961. Shekara ashirin ya yi a ƙasarsu yana zana labarai a jarida, hoto bayan hoto, magana na fitowa daga bakin mutane, har hukuma ta hana shi. Da zai tafi ya bar mini akwatin zane-zanensa, ya ce can ƙasarsu ƙonawa za a yi. Bara na ji ya rasu. Kullum yakan ce kada in ƙirƙiri fuska, in ɗauko ta a kasuwa.

Haka na yi. Na zana labarin wani manomi da ruwa ya ci, na sa masa fuskar maƙwabcina Kwaji, har da giɓin haƙorinsa. Shi kansa dariya ya yi ta yi. Da damina ta yi tsakiya, yana dawowa daga gonarsa a Digil, ruwan mayo, wato rafi, ya tafi da shi.

Yanzu 'yan'uwansa sun ce na kama kurwarsa a takarda. Ranar Juma'a za su zo su ƙone duk takardar da ke ɗakina, har da akwatin. Matarsa Selina ce kaɗai ba ta ce uffan ba, shirunta kuwa ya fi tsorata ni. Ni kaina na fara zargin hannuna. Ni na kashe shi?

Mai Zane, Mubi

Amsar Mai Fili: Mai Zane, kwantar da hankalinka. Da zane na kisa, da malaminka ya gama da rabin ƙasarsu. Ajali ne ya kira Kwaji.

Amma ka yi kuskure. Abin da ake yi a birnin da ba wanda ya san wani bai dace da unguwa ba. Mutanen nan zafin rashi ke damunsu, ɓuyanka kuma ƙara musu zargi yake yi.

Kada ka jira Juma'a. Kai akwatin ajiya wurin mai unguwa, amana ce, kuma babu fuskar ɗan Mubi a ciki. Sannan ka roƙe shi ya raka ka gaisuwa, ka nemi gafara, ka miƙa wa Selina takardar zanen Kwaji hannu da hannu. In ta ƙone ta, haƙƙinta ne. Kada dai ka yi mamaki in ta ajiye, don wataƙila ba ta da wani abin da za ta nuna wa 'ya'yanta fuskar ubansu.

Allah ya ba su haƙuri, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.